Mayafin Da Ba A Sa Wa Ruwa

Salama gare ku 'yan uwa. Yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Laifi na yi, wani kuma ya ɗauke shi ya ɗora a kansa. Wanda zai zage ni a ƙasan rubutun nan ya zaga, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake ce min, har masu kawo mana kaya. Yayana yana da shagon wanki da guga: injin wanki huɗu, teburin guga uku, da babur ɗaya na ɗauko kaya da mayarwa. Ni ce a kantar karɓar kaya, shekara tara ke nan. A aji huɗu na tsaya da makaranta, lokacin da ciwo ya kwantar da Abbanmu, ban sake komawa ba. Hausa ina karantawa ina rubutawa a hankali. Turanci kuwa sai dai in kalle shi ya kalle ni. Amma Allah ya ba ni riƙo. In ka kawo riga sau ɗaya na riƙe ka. Na san wanda ba ya son sitati, na san wadda turaren shago ke sa ta atishawa, na san wanda yake so karin wandonsa ya tsaya kamar bakin wuƙa. Ba littafi, ba komai, duk a kaina yake.

Bara Yaya ya ce zai buɗe reshe na biyu, kuma yana so mutane su riƙa kiran babur ta manhajar waya. Ya ba wasu mutum biyu aikin rubuta manhajar, ban taɓa ganinsu ba sai muryarsu a waya. Wata shida abin yana tashi yana faɗuwa. Sai aka ba shi shawara ya nemi babba da zai tsaya a kan aikin, wanda zai ce a gina wannan, a bar wancan. Shago irin namu ba ya iya riƙe mutum irin wannan kullum, don haka ƙananan wurare ke raba shi kamar yadda maƙwabta ke raba tsani. Litinin yana wurin masu sayar da magani, Talata wurin masu kai gas, Alhamis wata makaranta. Laraba tamu ce. Masu guga suka sa masa Na-Laraba. Ni dai Injiniya nake ce masa, shi ma a ciki-ciki.

Ranar farko bai taɓa kwamfuta ba. Ya zo da riga ruwan toka ya naɗe hannunta, da baƙar jaka da zif ɗinta ya lalace an kama da fil. Ya ja kujerar roba ya zauna a lungu, yana kallon yadda nake karɓar kaya tun safe har azahar. Ni kuwa duk na rikice, sau biyu ina ɗaura lamba a kan leda mara kaya.

Da Yaya ya shigo ya ce, "To Injiniya, me ke damun manhajar?"

Ya ce, "Manhajar mai sauƙi ce, Alhaji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shagon nan gaba ɗaya a kan mutum ɗaya yake zaune. In Malama ta yi zazzaɓin kwana uku, sai dai ka sa kwaɗo."

Yaya ya waiga yana neman Malamar. Ni ma na waiga.

"Wai Auta?" Yaya ya fashe da dariya.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ita. Abin da ta riƙe a ka shi za mu fara zubawa a manhajar. Sauran duk ado ne."

Jama'a, tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa ce min Malama.

Haka aka tsara. Duk Laraba bayan azahar, awa ɗaya, ya zauna a wancan gefen kanta, ya ajiye wayarsa a tsakaninmu tana ɗaukar murya. Zan faɗi mutum, in faɗi yadda yake son kayansa, shi kuma ya ce, "Sai wa?" Kalmarsa ke nan. Sai wa. Wani lokaci ya tsaya ya ce, "Ya aka yi kika gane matar nan ba ta son a naɗe mata zani gida huɗu, tunda kin ce ba ta taɓa faɗa ba?" In ce, "Tana warwarewa a nan kan kanta ta sake naɗewa." Sai ya girgiza kai yana murmushi, ya rubuta.

Da farko da Turanci yake turo min saƙo. Ni kuma duk abin da ya turo sai in mayar masa da hoton babban yatsa. Wata rana ashe tambaya ce ya yi, wai tsakanin abu biyu wanne za a fara, na tura masa yatsa. Na kwana ina jin kamar ƙasa ta tsage. Washegari saƙon murya ya shigo, da Hausa. Bai ce komai a kan yatsan ba, har yau. Daga ranar bai sake rubuto min harafi ɗaya ba.

Ku faɗa min, wace ce za a yi wa haka zuciyarta ta zauna lafiya?

A gida aka fara ganewa. Matar Yaya, Anti, ta tsaya a ƙofar ɗakina wata safiya tana goge kofi, ta kalli doguwar rigata mai ruwan zuma da ban cika sakawa ba.

"Auta, yau Laraba ce?"

"Eh."

"Haba, shi ya sa. Na ga kwalli har ya kusa kai kunne."

Na ja mayafi na rufe fuska. Ita wasa take yi. Yaya ne bai ɗauke shi wasa ba. A mota ya faɗa min, idonsa a kan hanya: "Ki kama kanki, Auta. Mutumin nan digiri biyu gare shi, kuma aiki na ɗauke shi. Kada ki ja mana abin da za a yi mana dariya." Na ce to. Me zan ce?

Wata Laraba Injiniya yana haɗa jakarsa ya ce, "Mun ci rabi fa, Malama. In sunayen nan suka ƙare, nawa aikin ya ƙare a nan."

"Ya ƙare kamar yaya?"

"Haka aikina yake. In zo, in gyara, in sa ku daina buƙatata. In har bayan shekara kuna nemana, ban iya aiki ba ke nan."

Yana dariya ya faɗa. Ni kuwa kamar an zare min wani abu a ƙirji. Na fara jan ƙafa. Mutumin da zan gama a minti ɗaya sai in kai shi biyar, har labarin jikokinsa. Duk da haka sunaye suka yi ta raguwa. Sai Shaiɗan ya kawo min dabara. Na ware mutum goma sha ɗaya, waɗanda kayansu suka fi wuyar sha'ani, na riƙe su a cikina. Na ce in an gama, manhaja za ta yi tuntuɓe a kansu, a kira shi, ya dawo ya zauna a kujerar nan ya ce sai wa. Na ce ai ba abin da zai lalace, ina nan a kanta, in sun zo ni zan karɓa da hannuna.

Larabar da ta wuce ya ce, "Sai wa?"

Na ce, "Babu."

"Kin tabbata? Babu saura ko ɗaya?"

"Babu."

Ya kashe wayar. Bai tashi ba. Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malama, ni ba na haɗa aiki da wata magana. Shi ya sa na yi shiru wata huɗu. Laraba mai zuwa zan miƙa wa Alhaji aikinsa. In na miƙa, akwai maganar da nake so in kawo gidanku, in kin ba ni izini."

Kun ji fa. Abin da nake ta jan ƙafa don kada ya ƙare, ashe ƙarewarsa yake jira. Ina so in ce tsaya, akwai saura, amma ta ina zan fara? In ce ƙarya na yi maka yanzu-yanzu? Na sunkuyar da kai ina murza igiyar lamba a yatsa. Ya ce, "Shirun nan na ɗauke shi izini." Ya tafi. Na ce a raina Laraba mai zuwa da safe zan faɗa masa, in ce mantawa na yi.

Cikin goma sha ɗayan nan akwai Baba Mai Agogo. Tsoho ne, gyaran agogo yake yi kafin idonsa ya yi rauni. Duk wata yakan kawo mayafi guda ɗaya, kore mai ɗigon fari, a cikin leda, ledar ma a cikin wata leda. Na matarsa ne da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ba wanki yake kawo shi ba. Guga kawai, wuta kaɗan, a ɗora farin ƙyalle a sama, ba ruwa, ba tururi, ba turare. Sau ɗaya ya taɓa faɗa min dalili, a hankali, kamar mai jin kunya: "Ƙamshinta yana nan, Auta. Ina ɗora shi a matashi, shi ya sa yake yamutsewa." Da hannunsa yake miƙo min, ya ce, "Ga amanar nan." Ni nake goge shi da kaina.

Ran Asabar Yaya ya ce, "Tunda yanzu manhaja ta san komai, yau ki huta. Ki raka Umma asibitin ido." Shekara tara ban taɓa barin kanta ran Asabar ba. Na lissafa a raina, Baba sai ƙarshen wata yake zuwa. Na tafi.

Ashe ƙafa ta matsa masa, bai iya fitowa ba, 'yarsa ta kira babur ta manhajar ta ba da ledar. Manhaja ba ta san Baba ba. Ta ga mayafi, ta fitar da takarda irin ta kowane mayafi: wanki, sitati kaɗan, turare. Aka yi yadda ta ce.

Ran Litinin da hantsi na gan shi yana tsallako titi da sanda, 'yarsa na riƙe da hannunsa, ledar a ƙirjinsa. Tun daga nesa na gane ledar. Ya ajiye ta a kan kanta, ya ciro mayafin. Ya yi kyau, ya yi santsi, yana ƙamshin turarenmu. Ya kai shi hancinsa ya daɗe, ya juya ɗaya gefen ya sake shaƙa, ya nemi bakin da ake ɗaurawa a wuya ya sake.

"Ya fita tas," ya ce. "Kun iya wanki."

"Baba…"

"Ba kya nan ko, Auta? Na sani. Da kina nan da ba a yi ba."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe mayafin ya mayar a leda ɗaya, ya bar ɗayar a kan kanta. 'Yarsa ce ta yi faɗan, har masu shagon gefe suka fito. Ta ce za ta faɗa wa duk wanda ta sani.

Yaya ya kira Injiniya. Ya baro wurin masu magani ya zo, ko jakarsa bai ɗauko ba. A ɗan ofishin baya aka tsaya, tsakanin buhunan sabulu da kayan da aka rataye. Yaya yana huci.

"Ka ce min komai ya shiga! Ka ce in saki jiki!"

Injiniya ya duba wayarsa, ya daɗe yana nema. Na ga lokacin da yatsansa ya tsaya. Ya san duk abin da na faɗa yana cikin wayar nan, ya kuma san Baba ba ya ciki.

Yaya ya juyo kaina. "Auta, kin faɗa masa zancen mayafin nan ko ba ki faɗa ba?"

Ina jin ƙarar injin wanki ta bango. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba.

"Ta faɗa," Injiniya ya ce. "Ni ne ban shigar ba."

Bai kalle ni ba.

Yaya ya ce, "To ka ji da kyau. Larabar ma ba sai ka zo ba."

"Na ji, Alhaji. Ina neman izini in je in ba tsohon haƙuri."

"Haƙurinka zai dawo masa da matarsa?"

Injiniya ya fita ta gabana. Ko iskar rigarsa ba ta taɓa ni ba.

Bayan la'asar saƙon murya ya shigo. Na shige bayan kayan da aka rataye na kara wayar a kunne. Daƙiƙa tara ne.

"Malama, ba dalili nake tambaya ba. Saura mutum nawa? Ki turo min su kafin wani ya kawo kaya."

Na tsuguna a nan na faɗi goman, ɗaya bayan ɗaya. Mai rigar da ba a ratayewa, mai jaririn da sabulunmu ke sa wa ƙuraje, duka. A ƙarshe na ce, "Ka yafe min," na goge, na sake ɗauka ba tare da shi ba, don ban ga bakin da zan roƙa da shi ba. Mutumin da aka kora da safe, ya zauna ya sa aka shigar da su. Kafin magariba ya turo: "An shigar. Na gode." Shi ke nan. Na saurari wannan na gode ɗin ya fi sau ashirin, ina neman fushi a ciki ko wani abu. Ban samu komai ba.

Jiya Talata ban je shago ba, na ce kaina ke ciwo. Ina kwance a ɗakin Umma a kan darduma, fuskata a bango. Umma tana bakin gado da auduga a ido ɗaya, tana lalube tana ninke kayan sallarta.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Ba ki faɗa masa ba."

Ba tambaya ta yi ba. Na fara kuka.

"Ido ɗaya gare ni yanzu, amma ke na haifa. Yarinyar da ta riƙe lambar takalmin ubanta har yau, ita ce za ta bari a manta mayafin tsoho?" Ta ja numfashi. "Ki saurare ni. Abin ya riga ya faru. Shi ya zaɓi ya ɗauka, ba ki sa shi ba. Wurare uku gare shi ban da namu. Ke shago ɗaya gare ki, yaya ɗaya. Kin san halin yayanki, in ya ji ke ce, kuma ya ji dalili, ba zai sake kallonki da ido ɗaya ba. Ki rufe bakinki."

"Umma, sunansa fa?"

"Namiji ne, zai yi wani."

Muna cikin haka Yaya ya yi sallama, tun azahar ba ta yi ba, abin da ba ya yi. Anti na bayansa da ludayi a hannu. Ya zauna a hannun kujera ya fito da waya.

Akwai wani guruf a waya, dandalin hirar masu ƙananan sana'o'i, mutum tamanin da wani abu. A nan aka ba Yaya lambar Injiniya, a nan duk masu ɗaukarsa suke, shi Injiniyan ma yana ciki. Ashe tun safe Yaya ya rubuta musu abin da ya faru. Mai gas ya ce zai dakatar da shi. Mai magani kuma ya ce shi bai yarda ba, shekara biyu yana aiki da mutumin nan bai taɓa ganin ya yar da ko allura ba, a kawo shaida.

"Wai ni zan yi masa sharri," Yaya ya ce. "Ni! To ga shaida. Auta, tashi. Ke kika faɗa masa, ke za ki faɗa musu. Ki ce ni ce mai karɓar kaya, na faɗa masa zancen mayafin, bai shigar ba. Magana biyu ce."

"Yaya, ni ban iya magana a cikin mutane ba."

"Ba mutane a nan, waya ce. Kullum ba da ita kike magana da masu kaya ba?"

Anti ta ce, "Ka bar ta mana, ba ka ga ba ta da lafiya ba?"

"Ki koma kan tukunyarki."

Na kalli Umma. Ta ɗaga min kai kaɗan, ta runtse idon mai lafiya. Yaya ya kamo hannuna ya sa wayar a ciki, ya ɗora babban yatsana a kan alamar ɗaukar murya ya danna. Lambobi suka fara tafiya. Ɗaya, biyu, uku.

"Assalamu alaikum," na ce. "Ni ce… ni ce mai karɓar kaya a shagon wanki."

Yaya ya gyaɗa kai, yana juya hannu, ci gaba.

Ban shirya komai ba, Allah shi ne shaida. Ba jarumta ba ce, ni ba ni da ita. Na buɗe baki ne in faɗi abin da aka ce in faɗa, sai gaskiya ta riga shi fitowa.

"Ban faɗa masa ba. Ya tambaye ni sau biyu ko akwai saura, na ce babu. Da sani na ɓoye. Mutum goma sha ɗaya na ɓoye."

Yatsana ya zame daga kan alamar. Wayar ta yi 'yar ƙarar nan ta saƙo ya tafi.

Umma ta ce, "Innalillahi." Ludayin Anti ya faɗi a kan tayil. Yaya ya fizge wayar zai goge, amma kafin ya gano wurin gogewa mutum shida sun saurara. Ya tsaya yana kallon sunayen. Ya juyo min da fuskar wayar, ya nuna min na farko da yatsa. Ko ban iya karanta shi ba, na san hoton, riga ruwan toka ce.

Yaya ya ajiye wayar a kan gado a hankali. Ya tashi ya tura ƙofa ya rufe, ya ja kujera ya zauna a gabanta. Bai yi ihu ba, kuma ihun na fi so.

"Shekara tara ban taɓa kama ki da ƙarya ba, Auta," ya ce. "Ba inda zan je, ke ma ba inda za ki. Me ya sa kika ɓoye?"

Amsa ɗaya ce gare ni, 'yan uwa, kuma ba irin wadda ƙanwa ke faɗa wa yayanta ba ce a gaban uwarsu. Na kalli Umma, ta kawar da kai. Wayata tana ƙarƙashin matashi, na ji ta yi motsi sau ɗaya, saƙon murya ya shigo.

Yaya ma ya ji. Ya miƙo hannu.

"Kawo. A buɗe za mu saurara."